Ban Ce Juyin Juya Hali Ba

A rediyo na fara jin kalmar, ina saurayi, tun kafin in yi aure. Wani tela maƙwabcinmu ne yake da akwatin. Yakan rataye shi a ƙusa a ƙofar shagonsa, mu kuma mu baje a tabarma bayan la'asar muna saurare. Ran nan mai karanta labarai ya ce an yi juyin juya hali a wata ƙasa mai nisa. Ni karatuna bai wuce allo da 'yan shekarun firamare ba, don haka na ɗauki maganar yadda ta faɗo mini a kunne. Na zaci wani babban malami ne ya bayyana a ƙasar, ya yi ta wa'azi har mutane suka bar mugun hali, ɓarawo ya tuba, mashayi ya zubar da kwalba. Na ruga gida na ba mahaifiyata labari. Tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "To, Allah ya kawo shi garin nan, ya fara ta kanka."

Telan ne ya warware mini daga baya. Ya ce ba wa'azi ba ne, mutanen ƙasar ne suka tashi suka kifar da komai, na sama ya dawo ƙasa, doka ta sake, mai gona ya sake, har abin da ake koya wa yara ya sake. Kalmar ta burge ni ƙwarai. Tana cika baki, kuma in ka faɗe ta da ƙarfi sai ka ji kamar ƙasa ta motsa.

Yanzu da na tsufa nakan zauna in kwance ta gunduwa-gunduwa. Juyi dai kowa ya san shi. Hali ne mai fuska da yawa. Akwai halin da ake ciki, na daɗi ko na wuya. Akwai halin da ake cewa wane mai hali ne, wane kuma ba shi da halin sayen ko da buhun gero. Akwai kuma halin mutum, wanda na fara zato, kirkinsa ko mugun nufinsa. A ganina, abin da bai taɓa duka ukun nan ba, bai kai a ba shi wannan suna ba. Wannan fahimtar ba a littafi na same ta ba, kuma na same ta a makare.

Allah ya ba ni murya. Tun ina tallar rake a kasuwar Hadejia ake cewa in na ɗaga murya a bakin tasha ana ji a 'yan kifi. Da siyasa ta zo sai aka ɗora ni a bayan mota, aka miƙa mini lasifika. Na zaga Kafin Hausa, na zaga Jahun, na shiga Kirikasamma da ƙauyukanta, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa. Duk wanda ya hau kujera, ni ne mai shelarsa, kuma kalmata ɗaya ce. An kawo takin zamani, juyin juya hali. An haƙa famfon tuƙa-tuƙa, juyin juya hali. Har a kan kwalbati guda na taɓa faɗarta, kwalbatin da ruwan farko ya tafi da shi. Mutane suna tafi, ni ina jin daɗi. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na tsufar da kalmar a kunnen mutanenmu har ta zama abin dariya, kuma ba na ɗora wa kowa wannan.

Ina can bayan mota ina ihu, ashe na gaskiyar yana tafe ta bayan garinmu, babu lasifika, babu mai shela.

Wanda bai san fadamarmu a da ba, sai an yi masa bayani. Ruwa yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Da damina kogi zai cika ya malala cikin fadama, shinkafa ta bi shi tana tsawo. In ya fara janyewa, masunta su shiga da gora da koma. In ƙasa ta fito da danshinta, a zuba wake da rogo da kankana. Bayan an kwashe, Fulani su sauko da shanu su ci kara su bar taki. Ƙasa ɗaya, kowa da lokacinsa. Gonar mahaifina tana can ciki, bayan wata lanƙwasar rafi inda wata tsohuwar giginya take tsaye. A gonar nan na koyi riƙon lauje.

Da aka datse ruwa can sama wajen Kano, sai kogi ya manta da lokaci. Ba ya cika sosai, ba ya kuma ƙafewa. Laka ta taru a hanyoyinsa, kacala ta samu wurin zama. Kacala doguwar ciyawa ce mai tsiro cikin ruwa, ta fi mutum tsawo, saiwarta a sarƙe kamar tabarma. Ta toshe rafin da yake kwashe ruwa daga gonakinmu, ruwan ya rasa hanya ya kwanta a kansu, bai sake tashi ba. Tsuntsayen jan-baki suka yi gida a cikinta, suna fitowa kamar hayaƙi su sauka a kan ɗan geron da ya rage a tudu. Masu rumbu biyu suka koma awo a kasuwa. Samari suka watse, wasu Kano, wasu kudu. Na ga dattijon da baƙo ba ya wuce ƙofarsa bai ci tuwo ba, ya koma yana shiga ɗaki da kwanonsa yana sakin labule. Na ga manomi da makiyayi da suka yi shekaru suna musayar nono da hatsi sun zare wa juna sanda a kan ɗan tudun da bai kai faɗin masallaci ba. Halin da muke ciki ya juya, halin aljihunmu ya juya, halinmu na mutane ma ya juya. Ban taɓa jin an kira wannan da sunansa ba, a rediyo ko a bakin wani babba. Ni ma ban kira shi ba, ina can ina yi wa kwalbati kirari.

Shekarun baya kaɗan, da rani, aka kawo injin yashe kogi bakin garinmu. Ƙato ne, mai dogon hannu, yana iya tafiya a kan ruwa. Mata har guɗa suka yi. Bulama, wato mai garinmu, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure da jami'in da ya zo da injin, wani matashi ɗan Hadejia mai ladabi, wanda ya cire takalmi tun daga waje. Abokina yana nan shi ma, wani Babarbare da kakanninsa suka zo daga wajen tafkin Chadi. Ni kuwa kakana Bafulatani ne da ya ajiye sanda ya kama fartanya, saboda haka tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba.

Bayan gaisuwa jami'in ya ce, "Baba, an ce duk ƙasar nan babu mai muryarka."

Na ce, "A da ke nan, ɗana. Yanzu tari ya cinye rabi."

"Rabin ma ya ishe mu. Za a yi bikin fara aiki, babban baƙo zai zo daga Dutse. In ya gama jawabi, so muke ka tashi a madadin jama'a ka yi godiya, ka ce wannan aiki juyin juya hali ne a harkar noma. Masu rediyo za su ɗauka."

Na ce, "Godiya zan yi har sai ka ce ya isa. Amma waccan kalmar ba zan faɗa ba."

Abokina ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta karkace. "Kai bawana, yaushe bakinka ya yi tsada? Kai da ka faɗe ta a kan kwalbati! Bulama, a ba shi goro, yunwa ce."

"Rufe mana baki, Babarbare. Ana maganar manya, bawa ba ya sa baki."

Jami'in ya yi murmushi, amma bai bar maganar ba. Ya ce, "Baba, bari in gaya maka gaskiya. Garuruwan da suke neman injin nan suna da yawa, injin kuma ɗaya ne. Ni na dage a ofis har aka fara da ku. Abin da aka amince shi ne a yashe daga bakin gari zuwa giginya. In manya suka tafi da farin ciki, zan samu bakin roƙo a bar shi ya wuce lanƙwasa. In suka tafi rai a ɓace, ba ni da ta cewa."

Bulama ya dube ni. Ya san inda gonar mahaifina take. Kowa a zauren ya sani.

Na ce, "Ɗana, ba raina aikinka na yi ba. Allah ya saka maka. Amma in aka toshe wa mutum ƙofar ɗakinsa, aka zo daga baya aka buɗe masa rabi, me za a kira wannan?"

Ya ce, "Ni ban toshe ba, Baba. Ba a haife ni ba lokacin. Kuma ga wanda ya shekara da shekaru bai ga ƙasar gonarsa ba, ranar da ya gan ta ai komai nasa ya juya. Ina ƙaryar take?"

Maganarsa tana da nauyi. Na ce dai zan yi tunani.

A gida babban ɗana ya tare ni. Magidanci ne mai 'ya'ya, yana ɗan yaro ruwa ya ci gonar, bai taɓa noma ta ba. Da rani lebura yake yi a wajen masu casar shinkafa a Hadejia. Ya durƙusa ya ce, "Baba, kalma ce kawai. Ka faɗe ta ba adadi ga waɗanda ba su ba mu komai ba. Yau da za ta dawo mana da gona, yau ce za ka ƙi?"

Na ce, "Don na faɗe ta ba adadi ne ya sa yau ba zan faɗa ba."

"To mu fa? Mu ci me, Baba?"

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya fita.

Ranar biki aka kafa rumfuna a bakin rafi, aka jera kujerun roba. An ɗaura wa injin ƙyalle, an rubuta kalmar a jiki da manyan baƙaƙe, har wanda bai yi boko ba ya san me aka rubuta. Rana ta take sosai kafin babban baƙo ya iso. Ya yi jawabi, ya faɗi kalmar, aka yi tafi. Sai aka kira ni. Ina tafiya zuwa wajen abin magana ina jin idon ɗana a bayana. Wallahi har na kama ƙarfen ban gama yanke shawara ba. Bakina ya saba da ita, tana nan a kan harshena, ba sai na nemo ta ba.

Sai na ɗaga kai na hangi kacala ta bayan rumfa, kore shar har iyakar gani, kan giginya kaɗai ya fito a cikinta.

Na yi sallama, na gaida manya, na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode. Mun gode wa wanda ya aiko injin nan, mun gode wa wanda ya tuƙo shi, mun gode wa yaron nan da ya tsaya mana. Allah ya ba ku lada. Aikin nan sunansa gyara, kuma gyara abin kirki ne, muna so, a ƙara mana. Amma juyin juya hali an riga an yi mana shi tun tuni. Ga shi can a bayanku, ku waiga ku gani. Shi ya cinye gonakinmu, ya kore 'ya'yanmu, ya koya mana rowa. In an tashi kiran wani abu da wannan suna a garin nan, to shi za a kira."

Wasu daga cikin manyan sun waiga kuwa. Can sai na ji abokina ya yi gyaran murya ya ce da ƙarfi, "A yi haƙuri da shi, ranka ya daɗe, Bafulatani ne, rana ta taɓa shi!" Aka fashe da dariya, babban baƙo ma ya yi, ya ɗan tafa hannu, ya karkata ya yi wa na kusa da shi raɗa. Jami'in kuwa ƙasa yake kallo.

Washegari muka saurari rediyo. Sun sa muryata ina godiya, tiryan-tiryan, har inda na ce Allah ya ba ku lada. Daga nan suka yanke. Mai karanta labarai ya ɗora da cewa manoman yankin sun bayyana aikin a matsayin juyin juya hali. Abokina ya riƙe ciki yana dariya. "Ka gani, bawana? Ka ƙi faɗa, an faɗa maka, ga kuma baƙin jini kyauta."

Injin ya yi aikinsa, ba zan rage masa ba. Ya riƙa cusa hannu yana tumɓuko kacala da saiwarta yana jibgewa a gefe, baƙar laka tana wari. Ruwa ya sami hanya ya fara tafiya. Ya kai giginya. Da ya kai, aka zo da babbar mota aka ɗora shi aka wuce da shi wani gari. Na tambayi jami'in ko bakina ne ya jawo. Ya ce a'a, dama iyakar abin da aka amince ke nan, ya roƙa bai samu ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa kuma kunyata ya ji. Har yau ban sani ba. Mutanen da gonakinsu suke bayan lanƙwasa kuwa sun riga sun yanke hukunci. Akwai wanda ya daina amsa sallamata har aka yi sallar layya. Wata tsohuwa ta aiko a gaya mini in je in dafa gaskiyar tawa in ci.

Gonakin da suke gaban giginya suka fito. Ta abokina tana ciki. Ranar da ya fara sa garma ya zo har gida, ya tsaya a ƙofar zaure yana ƙwala kira, "Ina ɗan bawan nan? Ya fito, ubangidan ubansa ya yanka masa gefe." Aro ya ba ɗana, wani yanki mai kyau ta wajen rafi. Na rasa bakin zagin da zan rama da shi. A waccan shekarar mun ci shinkafar da ɗana ya noma da hannunsa, a gonar wani.

Da kaka jami'in ya dawo. Ya ce za a yi bikin girbi, baƙon nan zai sake zuwa ya ga amfanin aikin, kuma ana maganar injin zai sake zagayowa. Ya ce, "Baba, wannan karon fa?" Ɗana yana zaune a gefe.

Na ce, "Amsata tana nan inda ka bar ta." Sannan na juya wajen ɗana na ce, "Bakinka naka ne, gonar ma gobe taka ce. In za ka tashi ka faɗa, je ka faɗa. Ba zan yi fushi ba, ba kuma zan ce ka yi ƙarya ba, don kai ka ga shinkafa inda da babu. Ni dai abin da na gani daban ne."

Ya je ya faɗa. Ni ban je ba, ina zaure ina gyaran igiyar akuya, iska tana kawo mini maganarsa guntu-guntu. An ce an yi masa tafi sosai. Da ya dawo ya gaishe ni, na amsa, ba wanda ya tayar da zancen.

Injin bai dawo ba tukuna. Ana cewa bayan damina, ana cewa sai an gyara masa wani ƙarfe. Ƙafafuna kuma sun fara gaya mini abin da suke gaya wa tsofaffi. Saboda haka kwanan baya na ari kwale-kwale wajen wani masunci, na ce wa ɗana ya zo ya tuƙa ni. Muka bi sabon rafin har giginya, daga nan muka kutsa cikin kacala, yana sara da adda ina turawa da gora, sauro yana cin mu da rana tsaka. Mun sha wuya kafin in gane wurin. Na riƙa caka gorar cikin ruwa har ta daki kututturen tsamiyar da mahaifina ya sare, wanda shi ne iyakarmu ta gabas. Na ce ya miƙo hannu ya riƙe gorar ya ji da kansa. Daga nan na nuna masa inda iyaka ta bi ta yi kudu, da gonar wa muka yi maƙwabtaka ta kowane gefe, da inda ƙasar take da yashi ba ta son shinkafa sai rogo.

Ya ce, "Baba, in injin ya zo ta fito, ka yarda bakina ne ya fito da ita?"

Na ce, "In ta fito ka noma ta. Ka fara ta wajen kututturen nan, ya fi saurin bushewa."

Ya ɗauko wani dogon reshe da muka taho da shi, ya kafa a jikin kututturen, ya ɗaura tsumma a kansa yadda za a hango. Muka juya kwale-kwalen da ƙyar, don kacalar da muka sara ta riga ta rufe hanyar da muka shigo.